Na je neman kabarin direban jirgin ƙasa a Tyne Cot

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana tuƙa jirgin ƙasa tsakanin Zariya da Kano, shi ya sa duk inda na ji an ambaci ma'aikacin reluwe sai kunnena ya tashi. Ina karatu a Beljiyam na ci karo da sunan Lewis McGee, mutumin tsibirin Tasmaniya a Ostiraliya, wanda ya bar tuƙin jirgin ƙasa ya shiga soja a watan Maris na 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kashe shi ranar 12 ga Oktoba 1917 yana da shekara 29. Kabarinsa yana maƙabartar Tyne Cot, kusa da ƙauyen Passendale. Na ce wallahi sai na je.

Na shiga jirgi zuwa garin Ieper, na kama bas zuwa ƙauyen Zonnebeke, daga nan na taka da ƙafa. Hanyar da na bi tsohon layin dogo ne da ya haɗa Ieper da Roeselare, an cire ƙarafan an mayar da shi hanyar masu tafiya da masu keke. Ta gefen wannan layin sojojin Ostiraliya suka kutsa ranar 4 ga Oktoba 1917, a gumurzun Broodseinde. Abin ya tsaya mini a rai: mutumin da ya ci abinci da layin dogo a ƙasarsu, ga shi ya zo wata uwa duniya yana rarrafe a gefen wani layin, harsashi na wucewa ta kansa.

Kuskurena na farko takalmi. Watan Oktoba ne, an kwana ana ruwa, ni kuwa na sa takalmin yawo mai laushi. Na ɗan ratse gefen wata gona don in ɗauki hoto, ƙafata ta nutse har idon sawu, na zaro ta da ƙyar, laka ta kama ta kamar danƙo. Taku ɗaya ke nan. Su kuwa sojojin, a cikin irin wannan taɓon, bayan igwa ta yi wata da watanni tana nuƙe ƙasar, aka ce su ci gaba ranar 12 ga wata. Duk karatun da na yi a kan yaƙin Passchendaele (wato Passendale) bai fahimtar da ni abin da wannan takun ya nuna mini ba.

Kuskure na biyu, ban duba littafin rajista ba. A bakin ƙofa akwai ɗan akwati a jikin bango da ke ɗauke da sunaye da lambar kowane kabari. Ni da gaggawa na wuce, ina ganin ai ido zai kai ni. Kaburbura kusan 12,000 ne a wurin, fiye da 8,000 ba a ma san ko su wane ne a ciki ba. Na fi awa ɗaya ina bin layi-layi kafin na haƙura na koma ƙofa. Da lambar a hannu, minti biyar ya ishe ni.

Dutsen kabarin McGee fari ne kamar sauran, sai dai an zana masa hoton lambar Victoria Cross, mafi girman lambar jarumta a rundunonin Birtaniya. Ya same ta ne saboda abin da ya yi ranar 4 ga wata. Yana saje a Bataliya ta 40, wadda 'yan Tasmaniya ne suka cika ta, sai wata mashinga da Jamusawa suka girke a kan ginin kankare ta tsayar da mutanensa cik. McGee ya ruga a fili shi kaɗai da libarba a hannu, ya harbe wasu daga masu bindigar, ya kama sauran. Bayan kwana takwas aka harbe shi, bai ma ji labarin lambar ba. Matarsa aka miƙa wa a Tasmaniya, ga 'yarsu ƙarama da ya bari tana jaririya.

Na daɗe a tsaye ina karanta dutsen. Akwai muƙaminsa, bataliyarsa, ranar mutuwarsa. Babu inda aka ce direba ne. Watanni 19 na kaki sun shafe shekarun da ya yi a gaban tukunyar injin, da tseren keken da yake yi a garin Avoca. Wannan ya yi mini ciwo, domin na san abin da aikin yake nufi a gida: tashin asuba, rigar da ke warin gawayi da baƙin mai, yaran da ke gane usur ɗin jirgin babansu tun daga nesa. Sana'ar tasa sai a takardar shigarsa soja za ka gan ta, cikin fayilolin da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasar Ostiraliya ta sa a intanet. Da zan sake irin wannan tafiya, daga nan zan fara kafin in sayi tikiti.

Kafin in tafi na hau matakalar babban gicciyen da ke tsakiyar maƙabartar, wanda aka gina a kan ɗaya daga cikin gine-ginen kankaren Jamusawa da 'yan Ostiraliya suka ƙwace a wannan rana ta 4. An bar ɗan wuri a buɗe inda ake ganin ainihin kankaren. Na shafa shi, sanyi ƙalau. Sannan na koma Zonnebeke ta kan layin dogon, takalmina na tsiyayar ruwa.