Kambin da aka ajiye a kan tebur

Yau wata sarauniyar kyau ta ziyarci makarantar da nake koyarwa domin yin magana a kan cin zali tsakanin ɗalibai. Kafin ta ce uffan, sai ta cire kambinta ta ajiye a kan tebur, sannan ta faɗi sunan tsokanar da 'yan ajinsu suka laƙaba mata, muryarta na rawa kamar jiya aka kira ta da shi. Ta ambaci ƙiyasin UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa kusan ɗalibi 1 cikin 3 na fuskantar haka, amma ni idona yana kan wata yarinya a layin baya, wadda ta sunkuyar da kai tana murza gefen littafinta.

Wata biyu ke nan ina ganin yarinyar nan ita kaɗai a lokacin hutu, kuma ban taɓa tambayar ta dalili ba.