Laraba, ranar da turjiya ta faɗi sifili

Ina idar da sallar asuba na kama hanyar ɗakin gwaji, sanyin Jamus na ratsa ni har ƙashi. Tun jiya da dare na bar wani ɗan kiristal a cikin na'urar sanyaya, girmansa bai wuce ƙwayar dawa ba, da siraran wayoyi 4 manne a jikinsa don auna turjiyarsa, wato yadda yake tare wa lantarki hanya. Haɗin bariyam ne da ƙarfe da asinik, amma mun cire kashi 1 cikin 5 na bariyam ɗin mun sa fotasiyam.

Da ma'aunin zafi ya sauko ƙasa da Kelbin 100 (ma'auni ne da ke farawa daga iyakar sanyi, ƙanƙara na narkewa a wajen Kelbin 273), sai layin turjiya da ke kan allon kwamfuta ya ɗan karye. Nan ne maganaɗisun ƙwayoyin ƙarfen ke jeruwa sahu-sahu, wannan sahu ya fuskanci gabas, na kusa da shi yamma. A tsantsar haɗin, wanda ba fotasiyam, wajen Kelbin 140 ake ganin haka. Fotasiyam ne ya raunana jerin.

Sai jira. Wajen azahar, a Kelbin 20 da 'yan kai, turjiya ta zube ƙasa gaba ɗaya. Lantarki na wucewa ba abin da ke tare shi. Na daɗe ina kallon allon, wallahi har tsigar jikina ta tashi, domin jerin maganaɗisun bai watse ba, yana nan, su biyun suna zaune gida ɗaya.

Abin da ke ci min rai ke nan. An daɗe ana ɗaukar maganaɗisu a matsayin abokin gabar wannan hali na wucewar lantarki ba turjiya, shi ya sa ba a cika neman sa a jikin ƙarfe ba, sai da Hideo Hosono da abokan aikinsa a Tokiyo suka same shi a Kelbin 26 a 2008. Yanzu masana da yawa na ganin girgizar maganaɗisun da ke saura bayan an raunana jerin ita ce ke haɗa ilektiron, wato ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, biyu-biyu, haɗuwar da ke sa turjiya ta ɓace. Ni ma can zuciyata ta karkata, ko da yake layi ɗaya a allo ba hujja ba ce.

Da magariba Baba ya kira. Na ba shi labari, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ƙarfen dai da muke ƙera fartanya da shi?" Na ce, "Shi fa, Baba."

Gobe zan saka wanda fotasiyam ɗinsa ya kai kashi 40 cikin 100, in ga ko turjiyarsa za ta faɗi sifili a Kelbin 38, in Allah ya kai mu.