Kwabo mai huji: kambi ake dubawa, ba ƙyalli ba

A Zangon Kumasi har yanzu ana tarar da anini (kashi ɗaya cikin goma na kwabo), ɗari (rabin kwabo) da kwabo mai huji a ƙasan akwatin kakanni. Kuɗin Afirka ta Yamma ne na zamanin Ingilishi, na garwayen jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25. Daga 1952 aka koma buga kwabo da tagulla, shi ya sa waɗanda aka buga daga lokacin suka yi ja.

Kuɗin nan ba su da hoton sarki, hujin ya cinye wurin. Don haka kambin da ke saman hujin shi ne ma'auni. Riƙe kwabon ta gefe, ka karkata shi a hasken taga, ka sa gilashi mai ƙara girma sau 10. In ƙananan duwatsun kambin sun fito ɗaya-ɗaya, kwabon bai sha hannu ba. In sun narke sun zama layi guda amma rubutun Larabcin na karantuwa, matsakaici ne. In layukan tauraron da ke bayan kwabon ma sun shafe, na ajiyar tarihi ne kawai. Duba bakin hujin kuma: wanda aka daɗe ana zira wa igiya yakan cinye ta gefe ɗaya, wannan na rage daraja.

Kusa da hujin za ka iya ganin ƙaramin harafi. H na nufin masana'antar Heaton da ke Birmingham, KN kuwa masana'antar Kings Norton. Wanda ba harafi, yawanci bugun Landan ne.

A yi hattara da kwabon 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward VIII. Gaskiya ne bai cika shekara a kan gadon sarauta ba, amma an buga kwabon da yawa. Kada a tsuga maka kuɗi da labarin.

Abin da ya fi ɓata kuɗin nan shi ne guga. Toka da lemun tsami ko man goge ƙarfe na Brasso suna kankare fatar asali, su bar ƙananan karce da kowane masani zai gani, kuma ba ta dawowa. Datti kawai? Jiƙa shi a ruwa mai tsabta, ka ɗora a kan tsumma mai laushi ya bushe, ba tare da murzawa ba.

Raɓar Kumasi ma ba ta da tausayi. Ledar PVC mai laushi tana haifar da kore mai danƙo a jikin kwabo. Sa kowanne a ambulan takarda marar asid, ka rubuta shekara da harafi, ka jefa ƙullin silika mai tsotse danshi a cikin gwangwanin ajiyar.