Agogon da na zaci na gano a Tekun Atlantika

Wata uku na yi ina murna da wani zane a kwamfuta. Zafin saman ruwan Arewacin Atlantika ne tun daga wajen 1870: ya ɗumama tsakanin 1930 da 1960, ya huce a shekarun 1970 da 1980, ya sake hawa daga tsakiyar shekarun 1990. Na ce shi ke nan, teku na da agogonsa mai zagayen shekara 60 zuwa 70.

Malamina ya dubi zanen ya ce, "Zagaye nawa ka ƙirga?" Na ce biyu. "To, a kan biyu za ka rantse?"

Ya sa na haɗa ɗan ƙaramin samfurin lissafi: ruwa mai riƙe zafi, da iska marar tsari, lambobin da kwamfuta ta zaɓo barkatai. Abin haushi, sai ga tudu da kwari masu tsawon gomman shekaru sun fito, kamar nawa. Ashe tun 1976 masanin kimiyyar yanayi Klaus Hasselmann, ɗan ƙasar Jamus, ya bayyana wannan. Teku mai nauyin jiki ne, yana tara hargitsin yanayin yau da gobe, ya mayar da shi sauyi mai jan lokaci. Aikin na cikin abin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 2021.

Daga nan na koma kan manyan samfuran lissafi masu kwaikwayon yanayin duniya a kwamfuta. Akwai gwajin da ake kulle komai yadda yake a 1850, ba ƙarin hayaƙin masana'antu, ba sabon aman wutar duwatsu, a bar lissafi ya yi ta tafiya ɗaruruwan shekaru. Atlantika na tangaɗi a ciki, amma ba a kan ƙa'ida ba. Da an sako toka da hayaƙi sai hoton ya canza. Dutsen Pinatubo na ƙasar Philippines kaɗai, da ya fashe a 1991, ya sanyaya duniya da kusan rabin digiri, ga kuma hayaƙin farar wuta da masana'antun Turai da Amurka suka tura sama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya rage hasken rana.

Saura babban kwararon ruwan da ke kai ɗumi arewa ya dawo ta ƙarƙashi a sanyaye. Ni dai har yanzu ina zargin yana da hannu a sauyin, sai dai a 2004 aka fara auna shi ba yankewa, don haka bayanansa ba su da tsawo.

Ranar da zan miƙa wannan babi na kundin bincikena, na goge kalmar "zagaye" daga kansa, na rubuta "sauye-sauye". Malam ya karanta, bai ce komai ba, ya wuce shafi na biyu.