Bin sawun tururuwa har wurin masu tsotso

'Yan'uwa masu koyon kallon ƙwari, ga inda na kai. Na daina juya ganye ɗaya bayan ɗaya, yanzu tururuwa nake bi. In na ga jerinsu suna hawa kara ciki a shafe, suna saukowa ciki ya yi tim har yana ƙyalli, to akwai masu tsotso, wato ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ruwan tsiro, a sama, galibi a bayan sabon ganye ko kan toho.

Da gilashi mai ƙara girma sau 10 nake rarrabe su. Mai farin gari a jiki daban, wanda ya lafe kamar ɓawo ba ya motsi daban, fararen nan kuma da an girgiza ganye sai su tashi fir. Waɗannan ba su da wuya. Ƙwaron darɓa ne ya fi ɗaukar hankalina. Kada ku dogara da launi, don akwai kore, baƙi, rawaya, har ja, iri kusan 5,000. Ku dubi bayansa: 'yan bututu biyu ne a tsaye can wajen ƙarshen ciki. In kun gan su, shi ne.

Ba ta bututun nan ruwan zaƙin da tururuwa ke zuwa sha yake fita ba, su na ƙararrawa ne in maƙiyi ya taso. Ta dubura yake fitowa. Ruwan tsiro sukari ya yi masa yawa, abin gina jiki kaɗan, dole ƙwaron ya sha da yawa ya zubar da ragowar. Na zuba ido na ga tururuwa ta shafa bayan wani da gashin kanta, sai ɗigo ya ɓullo ya tsaya cak, ta lashe ta wuce na gaba. Wanda ba ya da mai tatsa kuwa, wurgi yake da ɗigon, ganyen ƙasa ya yi danƙo, baƙar fumfuna ta hau.

Ladan tururuwa gadi ne, tana korar jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da tsutsarsa, masu cin ƙwaron darɓa. Amma kada a ce amana ce, in ta so nama takan cinye waɗanda take gadi. Gadin ma ba ya cika: na tarar da wasu ƙwarin darɓa sun kumbura sun bushe, kowanne da 'yar ƙofa zagayayya a baya, inda ɗan zanzaron da ya girma a cikinsa ya fita.

Abin da nake bi yanzu shi ne ƙwarin darɓa masu fiffike, waɗanda kan bayyana in cunkoso ya yi yawa.