Ni da Ummi da rokar kwali

Asabar da dare, Houston.

Har yanzu gam ne bushe a yatsuna, ina rubutu ina ɓare shi kamar saɓar maciji.

Tun watan jiya abin ya samo asali, ranar da muka kai yara cibiyar NASA suka ga rokar Saturn V, irin wadda ta kai mutane duniyar wata, kwance a rumfarta, tsawonta ya haura mita 110. Ƙanen Ummi ko a jikinsa, shi dai a saya masa askirim. Ummi kuwa tun a mota ta fara: "Abba, ni ma roka nake so." Na ɗauka kwana biyu za ta manta. Ina! Sai da na sayo mata Alpha, ɗaya daga cikin 'yan rokokin haɗa-da-kanka na kamfanin Estes da ke Kolorado, waɗanda tun 1958 suke wannan sana'a.

Bayan karin kumallo muka shimfiɗa tsohuwar jarida a teburin cin abinci, muka zazzage ledar. Gaskiya raina abin na yi. Bututun kwali, hancin roba, 'yar laima, igiyar roba, da wani fallen katako da ake kira balsa, mai ɗauke da fukafukai uku. Katakon nan in ka danna shi da farce sai ya lotsa, kamar ɓargon kara. Duka kayan a kan sikelin kicin ba su kai giram 30 ba. Ummi ta ɗauki takardar bayani, ni na ɗauki gam, kuma nan ne aka yi rabon da bai dace ba.

Ni a tunanina yawan gam shi ne ƙarfi. Haka na tashi na ga ana gyaran kujera a gidanmu. Na lafta wa fiffiken farko, na manna, na zauna ina jin kaina injiniya. Ummi ta duba takarda, ta duba fiffiken, ta sake duba takarda, sannan cikin ladabi ta ce, "Abba, kamar ba ta nan gefen ake mannawa ba." Ashe balsa yana da jijiya, kuma dole jijiyar ta bi gefen gaba na fiffiken. In ta kwanta daidai da jikin rokar, iska kaɗan za ta tsage shi. Na yi ta musu na kusan minti biyar don kada girma ya faɗi, daga baya na ɗauko reza na ɓamɓare shi, na bi wurin da samfefa. Maman Ummi tana kicin tana ji, ba ta ce uffan ba, amma na ga kafaɗunta na rawa.

Daga nan na bi dokar Ummi: gam siriri, a jira ya sha iska, a manna, a riƙe. Danshin garin nan kuwa ba ya barin komai ya bushe da wuri, fiffike ɗaya sai da muka yi sallar azahar muka dawo kafin ya tsaya da ƙafarsa. Kuma ba tsagewa kaɗai ba ce illar abin da na so yi. Duk ɗigon gam da ka ƙara a wutsiya nauyi ne a baya, ita kuwa roka tana son nauyinta ya rinjaya gaba, can wajen hanci, in ba haka ba sai ta yi ta wuntsila gudidi a sama.

Ana cikin haka Hajiya ta kira ta bidiyo daga Kano. Ummi ta ɗaga abin da murna: "Hajiya, roka muke haɗawa!" Sai fuskar Hajiya ta canza. "Roka? Irin ta 'yan ta'adda? Kai, me kake koya wa takwarata a ƙasar mutane?" Ban ga laifinta ba, don a gida in aka ce roka yanzu ba wanda hankalinsa ke zuwa kan wata. Sai da na lanƙwasa ragowar balsa a gaban kyamara ya karye ɓas, sannan ta saki rai, ta ce to Allah Ya tsare.

Injin daban ake sayensa, ɗan kwali ne kamar yatsa, cike da albarushi. Namu an rubuta masa A8-3. Harafin shi ne ajin ƙarfi, B ninkin A ne, C ninkin B. Ukun ƙarshe kuma daƙiƙa uku ne da zai jira bayan wuta ta ƙare, kafin ya tunkuɗo hanci laima ta buɗe.

Da la'asar muka yi gwajin da ya fi burge ni. Muka sa injin a mazauninsa, muka ɗaura zare daidai inda rokar ke tsayawa a kan yatsa ba ta rinjaya ba, na fita bayan gida ina wulwula ta sama da kaina. In hanci ya kama gaba, lafiya lau. In ta hau juyi, sai an cusa ɗan yumɓu a hanci. Zagayen farko ta yi tangaɗi, gabana ya faɗi, na tuna gam ɗin safe. Na ƙara sauri, sai ga hanci ya miƙe. Ummi ta yi tsalle har ta taka mini ƙafa.

Fenti sai gobe, ta ce kore da fari take so, kuma feshi ɗaya tak, kada na maimaita halina. Harbawa kuwa sai Asabar mai zuwa, in iska ba ta wuce mil 20 a awa ba, da wayar lantarki da batir za mu kunna ta, muna tsaye ƙafa 15 daga nesa. Yanzu dai tana kan firji inda hannun ƙanenta ba ya kaiwa, kuma fiffiken da na manna ya ɗan karkace, ni kaɗai na lura.