Lissafin turjiya da ƙarfin wuta, da dalilin da ya sa wayar batir ke zafi

A shekarar 1827 ne masanin kimiyya Bajamushe Georg Ohm ya wallafa ƙa'idar da masu aikin lantarki ke dogaro da ita har yau. Idan aka raba matsin wutar, wanda ake aunawa da bolt, da yawan wutar da ke gudana a cikin waya, wadda ake aunawa da amfiya, sakamakon shi ne turjiyar da na'urar ke yi wa wutar, kuma ma'auninta shi ne om, daga sunan masanin. Ƙarfin aikin na'ura kuwa, wato wat, ana samun sa ne ta hanyar ninka bolt da amfiya.

Mu ɗauki dutsen guga mai wat 1,000 da aka jona a wutar gida ta bolt 230. Raba 1,000 da 230 zai nuna yana jan amfiya 4.35, raba 230 da 4.35 kuma zai ba da turjiya kusan om 53. Da wannan lissafin ne ake gane cewa filogi mai fis na amfiya 13 ba zai ɗauki kayan da suka wuce wat 3,000 ba. Na'urori masu inji mai juyawa a ciki, irin su firij da famfon ruwa, lissafinsu yana da ƙarin sharaɗi, domin lokacin tashi suna jan wuta fiye da kima.

Inda wannan lissafi ya fi damuna shi ne aikin sola, wanda ya bazu a gidaje da shaguna. Idan dutsen gugar nan zai ci wuta daga batir mai bolt 12 ta hanyar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin wutar gida, wayar da ke tsakanin batir da inbata za ta ɗauki sama da amfiya 83, tun kafin a lissafa asarar da inbatar kanta ke yi. Zafin da ke tashi a waya kuwa ana samun sa ne idan aka ninka amfiya da kanta, sannan aka ninka da turjiyar wayar. Wayar da turjiyarta om 0.02 ce kacal ba ta ɓarnatar da ko rabin wat ɗaya a amfiya 4.35, amma a amfiya 83 tana mayar da kusan wat 138 zafi, kuma fiye da bolt ɗaya da rabi yana zubewa a hanya. Saboda haka nake ganin ganganci ne babba a haɗa batir da siririyar wayar da aka saba sa wa ƙwan fitila, don kawai mai kauri ta fi tsada, alhali robarta na iya narkewa ta haddasa gobara a ɗakin da iyali ke kwana.

Mai son rage wannan zafi yana da hanya biyu: ya ƙara kaurin waya tare da gajarta tsawonta, ko ya ɗaga matsin wutar. Jera batira biyu su ba da bolt 24 yana raba amfiya gida biyu, zafin kuma ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A bolt 48 sai ya koma ɗaya cikin goma sha shida. Wannan dalilin ne ya sa wutar da ake samarwa a Kainji da Shiroro ake ɗaga ta zuwa bolt 330,000 kafin a tura ta a manyan layuka, sannan tiransifoma ta riƙa sauke ta mataki-mataki har ta iso unguwa.